Ɗan Hausa da Gidansa na Nassarawa: Tarihin Hanns Vischer, 1876–1945

A unguwar Nassarawa ta Kano, nesa kaɗan da gidan Sarki na Nassarawa, akwai wani tsohon soro mai bene, ginin ƙasa, da zankwaye a bisansa da zane a goshinsa. Wanda bai san labarinsa ba, in ya hango shi, sai ya ɗauka gidan wani hakimi ne na zamanin da, ko kuwa na wani attajirin fatake. Alhali kuwa Bature ne ya zauna cikinsa, kuma sunan da Kanawa suka laƙaba wa Baturen nan shi ne ya bi gidan har yau, watau Gidan Ɗan Hausa. Mutane da yawa sun san sunan gidan, amma kaɗan ne suka san mutumin, ko da a cikin masu nazarin Hausa, waɗanda kullum suke rubutu da harufan da ya taimaka aka kafa.

Haihuwarsa da zuwansa ƙasar Hausa

An haifi Hanns Vischer ran 14 ga Satumba, 1876, a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, a wani babban gida na attajirai masu riƙo da addinin Kirista ƙwarai. Ashe ke nan asalinsa ba Ingilishi ba ne, harshen da ya tashi da shi Jamusanci ne. Ya yi karatu a ƙasarsu da Jamus, sa'an nan ya ƙetara Ingila ya shiga Kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambirij. Can ne ya ƙudura niyyar aikin mishan, ya shiga ƙungiyar C.M.S. wadda a lokacin ba ta da wani buri da ya wuce ta sami shiga ƙasar Hausa.

Ƙungiyar nan ta riga ta taɓa gwadawa ta sha ƙasa. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu sun kai har Kano, Sarki Alu ya umurce su da su fita masa daga gari, suka juya baya, daga bisani suka yada zango a Loko, bakin kogin Binuwai. A nan Vischer ya iske su a 1901. Bai daɗe ba ciwo ya kayar da shi, ya koma gida, ya kuma ajiye aikin mishan ɗungum. A 1903 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki ƙarƙashin Gwamna Lugga, aka tura shi Barno. Gajeren zaman nan na Loko bai kai ya kawo ba a rayuwarsa, amma tabonsa bai rabu da shi ba, domin daga baya duk wanda ya so ya soki makarantarsa, da wannan yake fara kafa hujja, cewa ai mai makarantar tsohon ɗan mishan ne.

Barno da ƙetare Sahara

Barnon da ya tarar ƙasa ce da ke farfaɗowa daga ɓarnar Rabe. Kukawa, birnin Shehunai, Rabe ya rushe ta tun 1893, shi kansa kuma Faransawa suka kashe shi a 1900. A cikin wannan kufai Vischer ya fara aikin mulki, yana yawon rangadi, yana ƙara gogewa da Hausa, yana kuma tsintar Larabci da Barbarci.

Abin da ya fara fitar da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a 1906. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya hau jirgin ruwa ya biyo ta gabar teku kamar sauran Turawa, sai ya nemi izini ya komo bakin aikinsa ta hamada. Ya tashi daga Tarabulus da ayarin raƙuma, tare da alhazai masu komowa daga Makka da 'yantattun bayi masu neman hanyar gida, suka bi ta Murzuk, suka faɗa Kawar da Bilma, har suka ɓullo Tafkin Chadi bayan wata da watanni. Wannan ita ce tsohuwar hanyar fataken Barno, wadda a lokacin ta kusa mutuwa, rijiyoyinta sun lalace, mahara kuma sun yi mata ƙawanya. Ya rubuta labarin tafiyar cikin littafinsa Across the Sahara, wanda aka buga a 1910. Abin lura a nan, Bature ɗaya ne tilo cikin jama'ar da ya yi watanni yana ci yana sha tare da su, yana sasanta rigingimunsu da harshensu. Irin Hausar da ake koyo a zango, ana gardama a kan salkar ruwa, ta sha bamban da wadda ake koyo a littafin nahawu, kuma da irinta ya iso Kano.

Makarantar Nassarawa

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas, sun tarar da ƙasa cike da makarantun allo da na ilmi, da alƙalai da marubuta masu aiki da Larabci da ajami. Abin da suka rasa shi ne mutanen da za su riƙe musu littattafan haraji da na kotu ta hanyar da su Turawan za su iya karantawa. Akawunan da suke ɗaukowa daga Ikko da Gwalkwas da Saliyo ba su jin harshen ƙasa, sarakuna kuma ba su sake da su ba. Ga shi kuwa Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka ba dama a miƙa wa mishan aikin makaranta a ƙasashen Musulmi. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, shi ya ɗauko Vischer daga aikin mulki ya ɗora masa wannan nauyi, ya kuma aike shi Masar da Sudan da Gwalkwas ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a can.

Da ya komo, a 1909, ya buɗe makaranta a Nassarawa. Zaɓen wurin ma da hikima a ciki. Nassarawa tana bayan badala, saboda haka ba a ce an kai wa birni baƙon abu har cikin gida ba. Amma kuma ƙasar Sarki ce, inda gandunsa da gidan hutunsa suke, saboda haka makarantar tana ƙarƙashin inuwarsa. Ya fara da malamai manya waɗanda suka riga suka yi karatun Muhammadiyya, ya koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, don su zama su ne masu koyarwa. Daga nan aka ƙara ajin 'ya'yan sarakuna, da na sauran yara, da sashen sana'o'in hannu inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da saƙa, da kuma ajin masu awon ƙasa. Almajiran sun zo daga larduna dabam-dabam na Arewa. Da Hausa ake karantar da su, da rigunansu da hulunansu suke zuwa, suna salla a kan lokaci, ana kuma ci gaba da ba su karatun addini. Baitulmalin sarakuna na cikin masu ɗaukar nauyin abin. Shi kuma Vischer aka naɗa shi Daraktan Ilmi na farko na Nijeriya ta Arewa.

A wannan zama ne sunan Ɗan Hausa ya kama shi. Bahaushe ba ya rasa sunan da zai sa wa Bature, kuma galibin sunayen nan zambo ne, ko dai na kamanni ko na mugun hali. Nasa kuwa yabo ne, kuma shaida ce ta mutanen da ba su cika yabon Hausar baƙo ba.

Boko da abin da ya biyo baya

A 1912 ya fitar da ɗan littafinsa Rules for Hausa Spelling, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin rubuta Hausa da harufan Rumawa don amfanin makarantu da ofisoshin gwamnati. Ba shi ya fara rubuta Hausa da waɗannan harufa ba. Schön da Robinson da Miller duk sun riga shi, kowa da irin tasa hanya. Nasa aikin shi ne ya tsayar da hanya ɗaya, ya kuma sami ikon gwamnati a bayansa. Harufa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba su shigo ba sai cikin shekarun 1930, zamanin R. M. East a Zariya, amma harsashin da aka ɗora su a kai na Nassarawa ne.

A nan ne hukunci a kan Ɗan Hausa yake da wuya. Ta fuska ɗaya, ya tsaya a kan cewa yaro da harshensa ya fi fahimta, ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen aji da na ofis tun lokacin da harsuna da yawa na Afirka ba su sami wannan matsayi ba. Ba don wannan ba, da wuya a ce an sami Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da masu karanta ta. Ta ɗaya fuskar kuwa, ranar da gwamnati ta zaɓi boko ta bar ajami, dubban malaman da suka ƙoshi da ilmi suka wayi gari ana lissafa su cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Akwai ma Turawan mulki, irin su Burdon na Sakkwato, da suka so a riƙe ajamin, ba a bi shawararsu ba. Har ila yau, tsarin nan na Nassarawa ƙunƙuntacce ne tun asali. An shirya shi ne don ya samar wa mulkin sarakuna ma'aikata, ba don ya wayar da talakawa baki ɗaya ba, kuma an yi ta jan ƙafa wajen koyar da Ingilishi alhali makarantun mishan na Kudu suna ta yaye masu jin sa. Ratar da wannan ya haifar ta daɗe tana damun Arewa. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya laifin duka, tun da kuɗin da gwamnati ta ware wa ilmi bai taka kara ya karya ba, amma kuma ba a wanke shi sarai, domin shi ya zana tsarin, kuma ya yi imani da shi.

Ita kanta kalmar boko ta isa shaida a kan yadda jama'a suka karɓi abin. An daɗe ana cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi aka aro ta, har Paul Newman ya nuna cewa Hausa ce tsantsa, mai ma'anar abin da ba na gaske ba, kamar dai yadda ake cewa amaryar boko.

Gidan kansa

Vischer bai nemi a yi masa gida irin na Turai ba. Gaskiya ne, a shekarun nan siminti da kwano ba su wadata a Kano ba, tun da hanyar jirgin ƙasa ba ta iso ba sai 1911, kuma Turawa da yawa a gidajen ƙasa suka zauna bisa tilas. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya haƙura da ginin ƙasa kafin ya sami na dutse, da wanda ya sa aka ƙawata masa shi kamar na saraki. Gidan Ɗan Hausa aikin maginan Kano ne tun daga tushe har zanko, kuma duk wanda yake son ya ga yadda gwanayen farkon ƙarni na ashirin suke aiki, to, ga littafi nan a buɗe.

Da tubali aka tayar da bangon, watau curin ƙasa mai tsini da ake murzawa da hannu a shanya a rana, a jera shi a tsaye ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri ƙwarai daga ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa, shi ya sa yake iya ɗaukar bene, shi ya sa kuma cikin ɗakin yake da sanyi ko da tsakar bazara. Rufin na azara ne, itacen giginya da aka faskara, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Ita azara tana da iyakar tsawon da za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa ba ta lanƙwashe ba, saboda haka in ana son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo, a riƙa ɗaura azara bisa azara daga bango biyu, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. Daga waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a dalaye rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, sa'an nan a kafa indararo ya riƙa zubar da ruwan sama nesa da gindin bango. Babu ko ɗaya cikin kayan nan da aka ɗauko daga wata ƙasa. Mai rini da majemi da mai faskaren giginya duk suna da hannu a ginin.

A cikin wannan gida ya zauna da matarsa Isabelle, 'yar ƙasarsu, wadda ya aura a 1911. Ita ma ta rubuta abin da ta gani a Kano cikin wani littafi da Faransanci da aka buga a 1917.

Ƙarshen rayuwarsa

Zamansa a Nassarawa bai wuce 'yan shekaru ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke sai ya tafi aikin soja a sashen leƙen asiri na Ingila, bai kuma komo kan kujerarsa ba, ya ajiye aikin Nijeriya a 1919, shekarar da Sarki Abbas ya rasu. Kafin nan an riga an watsa aikin makarantar zuwa makarantun larduna, malaman da ya horar suka zama iri. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, a kan wannan turba ta taso.

Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilmi a ƙasashen Afirka, saboda haka ra'ayin da ya gwada a Kano, na daidaita makaranta da al'adun mutane da harshensu, ya bazu har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Nassarawa ba. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926, inda ya yi aiki tare da Lugga da Westermann. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya mutu a Ingila ran 19 ga Fabrairu, 1945.

Gidan bayan mai gidan

Bayan tafiyarsa Turawan gwamnati suka ci gaba da zama a gidan, daga baya ya koma hannun gwamnatin Jihar Kano, ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu da wurin ajiye kayan tarihi. Wannan shi ne sirrin tsayuwarsa. Ginin ƙasa ba ya son kaɗaici. Muddin akwai mai kwana ko mai wuni a cikinsa, za a ga tsaga tun tana ƙarama a toshe, a ga indararo ya karkace a gyara kafin damina. Ranar da aka kulle shi aka tafi, ruwa ya sami hanya ta rufi, azara ta jiƙe ta ruɓe, to, damina biyu ko uku sun isa su mai da aikin gwanaye tudun ƙasa.

Abin da ya sami da yawa daga cikin tsararrakinsa ke nan. Zungeru, wadda ta yi hedikwatar Arewa kafin Kaduna, kusan ba abin da ya rage na gine-ginen Lugga a cikinta sai kufai, in ban da ƙaramar gadarsa da aka ɗauke aka kai Kaduna a 1954. A Nassarawa da Bompai kuwa, ba ruwan sama kaɗai ke cin tsofaffin gidaje ba, har da tsadar fili. Gida ɗaya na zamanin Razdan yana zaune a filin da zai ɗauki gidaje goma ko jerin kantuna, don haka da zarar an sayar, sai a wayi gari an baje shi tare da itatuwansa, ba wanda ya auna shi ko ya ɗauki hotonsa. Doka kam akwai ta, tun daga dokar kayan tarihi ta 1953 har zuwa ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma albarkacinta Gidan Makama da tsohon ginin Kwalejin Katsina suka sami kariya. Sai dai kariyar tana kan ginin da aka riga aka san da shi aka sa sunansa cikin jeri, wanda ba a bi sawunsa ba kuwa ba mai tambayar inda ya shiga. Ita kanta ganuwar Kano, wadda doka ta sani, har aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman UNESCO ta amince da su a 2007, kowa ya ga yadda aka yi ta yankar ta ana gini a kai.

Akwai masu cewa ba abin baƙin ciki ba ne in gidajen Turawa sun rushe, tun da tunawa da su tunawa ne da zamanin da aka ci ƙasa da bindiga. Maganar tana da nauyi, kuma wanda kakansa ya faɗi a Kwatarkwashi tare da Waziri Ahmadu yana da damar ya faɗe ta. Amma in aka dubi Gidan Ɗan Hausa sai a ga ba ta zauna daidai ba. Baturen ya shekara kaɗan a ciki ya tafi, kabarinsa ma yana wata ƙasa. Hannun da ya murza tubalin, da idon da ya daidaita bakan gizon, na Kanawa ne waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma ba su bar wata shaida ta gwanintarsu ba sai bangon nan. Haka nan gardamar boko da ajami, wadda har yau ba ta mutu ba, tana da wurin da za a nuna wa yaro a ce masa nan aka soma ta.

Babbar barazana ga gidan yanzu ita ce ƙarancin masu gyaransa ta hanyar da aka gina shi. Maginan da suka san haɗin laso da ɗaurin bakan gizo suna ta raguwa, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti inda kuɗi yake, giginya ta yi nisa, marinar da ake samun katsi a cikinta ta ragu ƙwarai. Sau da yawa kuma, wai don a taimaki tsohon bango, sai a shafe shi da siminti. Shi kuwa siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi: laima ta taru a bayansa, bangon ya riƙa narkewa daga ciki alhali fuskarsa tana sumul, har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya ya faɗo da rabin bangon tare da shi.